Masu Awon Ƙa'ida a Kasuwar Hannun Jari

Ƙarfe huɗu na yamma ake buga ƙararrawar tashi a kasuwar hannun jari ta birnin Niyok. Dillalai su watse, 'yan jarida su tafi rubuta wanda ya ci da wanda ya faɗi. Amma a ranar ciniki ta ƙarshe a kowane wata akwai mutanen da aikinsu ba ya farawa sai an tashi. Mutum zai zauna gaban kwamfuta, ya jawo farashin da kowane kamfani ya rufe da shi, ya jera kamfanonin daga na sama zuwa na ƙasa bisa wata ƙa'ida da ya rubuta tuntuni. Idan kasuwa ta sake buɗewa sai ya sayar da waɗanda suka zame, ya sayi waɗanda suka hau sahun gaba. Ba ruwansa da ko yana ƙaunar kamfanin, ko shugabansa ya iya zance, ko jaridu suna yabonsa. Abin da ƙa'ida ta ce shi zai yi, wata mai zuwa kuma a sake.

Wannan shi ne juya hannun jari bisa ƙa'ida. Rubuta ƙa'idar abu ne mai sauƙi. Duk wanda ya iya lissafin kashi cikin ɗari zai rubuta goma kafin la'asar. Gumin sana'ar yana wajen awo, wato a gano ko ƙa'idar nan da gaske take kawo riba ko kuwa sa'a ce ta yi mata kwalliya. Masu wannan aiki sun haɗa da malaman jami'a, da ma'aikatan kamfanonin da ke juya dukiyar jama'a, da ɗaiɗaikun mutane, injiniyoyi da akantoci da 'yan fansho, waɗanda ke yi da kuɗin aljihunsu a ɗakin karatunsu bayan yara sun yi barci.

Ƙa'idar da ƙananan masu zuba jari a Amurka suka fi sani ita ce wadda suke yi wa laƙabi da Karnukan Dow. Ma'aunin Dow Jones manyan kamfanoni 30 ne. A ƙarshen shekara sai a duba rabon ribar da kowanne ke biyan masu hannun jarinsa, a gwada da farashin hannun jarin, a ɗauki 10 da rabonsu ya fi tsoka, a raba musu kuɗi daidai wa daida, sai kuma baɗi. Hikimar ita ce, kamfanin da rabonsa ya yi tsoka galibi farashinsa ne ya faɗi don mutane sun juya masa baya, tunda kuma babba ne ana sa ran zai farfaɗo. Michael O'Higgins ne ya yayata ta a littafinsa Beating the Dow na 1991. Tana da kishiya, wadda ke bin masu gudu ta bar waɗanda suka faɗi. A 1993 Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman suka nuna, da alƙaluman 1965 zuwa 1989, cewa kamfanonin da suka fi tashi a watanni 3 zuwa 12 da suka wuce sukan ci gaba da tsere wa waɗanda suka fi faɗuwa, da tazarar kusan kashi 1 cikin ɗari a wata. Daga ƙarshen 1998 kuma aka fito da asusai 9, kowanne ya ƙunshi sashe guda na tattalin arziki, kamar bankuna da makamashi da fasaha, sai mutum ya samu damar ƙaura daga sashe zuwa sashe ba sai ya bi kamfanoni ɗaya-ɗaya ba.

Ɗanyen kayan sana'ar tsofaffin alƙaluma ne. Kafin 1960 da wuya ka samu mai iya gaya maka da hujja nawa mai hannun jari ya samu a Amurka cikin shekaru talatin. Wani jami'in kamfanin dillanci na Merrill Lynch, Louis Engel, ya kai tambayar Jami'ar Shikago. James Lorie da Lawrence Fisher suka kafa cibiyar CRSP, suka shiga tattara farashin kamfanonin kasuwar Niyok tun daga 1926, wata bayan wata, daga tsofaffin takardu. Sai a 1964 amsa ta fito: kusan kashi 9 cikin ɗari a shekara. Har yau yawancin binciken da malamai ke yi a wannan fage a kan wannan rumbu yake tsaye.

Alƙaluman ba sa zuwa a wanke, kuma wankinsu ne ke cin mafi yawan lokacin mai awo. A watan Agustan 2020 kamfanin Apple ya raba kowane hannun jarinsa gida huɗu, farashi ya sauko daga wajen dala 500 zuwa wajen 125 ba tare da kowa ya yi asarar sisi ba. Kwamfutar da ba a gaya mata ba za ta ɗauka kamfanin ya rushe ne cikin dare ɗaya. Rabon riba ma sai an mayar da shi cikin lissafi, in ba haka ba a zalunci kamfanonin da ke biya. Sai maganar lokaci: rahoton kamfani na ƙarshen Disamba ba ya fitowa sai bayan makonni, don haka wanda ya sa ƙa'idarsa ta yi aiki da shi ranar 2 ga Janairu ya ba ta sanin gaibu. Eugene Fama da Kenneth French, a bincikensu na 1992, sai da suka bar tazarar aƙalla wata shida kafin su taɓa alƙaluman kowane rahoto.

Mafi wuya shi ne matattu. Wanda ya ɗauko jerin kamfanoni 500 da ke cikin ma'aunin S&P a yau ya gwada ƙa'idarsa a kansu tun daga 2000, ya gwada ta ne a kan waɗanda suka tsira kaɗai. Enron, wanda ya durƙushe a 2001, ba ya cikin jerin. Lehman Brothers, wanda ya rushe a Satumbar 2008, ba ya ciki. Alhali a zamaninsu ƙa'idar za ta iya zaɓarsu, ta zuba musu kuɗi. Kamar manomi ne da ya auna damina da gonakin da suka yi kyau kawai, ya manta da waɗanda ambaliya ta cinye. Wanda ya sayi hannun jarin bankuna a Nijeriya lokacin rububin 2007 bai buƙatar dogon bayani a nan: Afribank da Bank PHB da Spring Bank duk suna kan allo a lokacin, a 2011 aka ƙwace lasisinsu, kuma jerin yau ba zai nuna maka su ba. Shi ya sa mai awo na gaske yake biyan kuɗi don ya samu alƙaluman da suka haɗa da kamfanonin da suka mutu, da ranar da kowanne ya shiga ma'auni da ranar da aka cire shi.

Kuɗin kayan aiki ya danganta da ƙarfin mutum. Na'urar Bloomberg da manyan kamfanoni ke amfani da ita tana cin fiye da dala 20,000 a shekara ga kujera ɗaya. Mai yi a gida yakan samu alƙaluma masu tsabta da 'yan ɗaruruwan daloli a shekara, ya yi lissafinsa da Excel ko da manhajar Python, wadda kyauta ce.

Idan kaya sun wanku sai a shiga gwajin baya. A koma wata tsohuwar shekara, a ba ƙa'idar kuɗin takarda, a bar ta ta yi ta saye da sayarwa wata bayan wata har zuwa yau, ba tare da ta ga abin da ke gabanta ba. Kwamfuta takan gama shekaru hamsin kafin shayi ya huce. Abin da ke fitowa zane ne, layi mai hawa daga hagu zuwa dama, kuma sabon shiga a nan yake tsayawa ya fara mafarki. Tsohon hannu kuwa yanzu ya fara tambaya.

Tambayar farko: an fi wa? Riba ta kashi 12 cikin ɗari ba abin tafi ba ce idan wanda ya sayi kasuwar gaba ɗaya ya kwanta barci ya samu 13. Tun da John Bogle ya buɗe asusun Vanguard mai bin ma'aunin S&P 500 a 1976, kowace ƙa'ida tana da abokin karawa mai arha wanda ba ya gajiya, kuma irin wannan asusu a yau akwai mai cajin kashi 0.03 cikin ɗari kacal a shekara. Ta biyu: wane rami aka faɗa a hanya? Daga Oktoban 2007 zuwa Maris na 2009 ma'aunin S&P 500 ya zubar da kusan kashi 57 cikin ɗari na darajarsa. Wanda ya rasa rabin dukiyarsa sai abin da ya rage ya ninka kafin ya dawo inda yake. Don haka mai awo yakan nemi mafi zurfin faɗuwa daga ƙololuwa zuwa ƙasa, da yawan watannin da aka yi kafin a farfaɗo, domin a cikin waɗannan watanni ne mutane ke karaya su sayar. Sannan akwai awon da William Sharpe ya kawo a 1966: a cire abin da mutum zai samu da ya ajiye kuɗinsa a takardun bashin gwamnati na gajeren zango, a raba abin da ya rage da girman hawa da saukar da aka sha. Ƙa'idar da ta kawo riba mai yawa ta hanyar jefa mutum cikin haɗari mai yawa ba ta yi wata bajinta ba.

Daga nan sai a cire ɗawainiya, kuma a nan kyawawan zane da yawa ke kwantawa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kowane juyi yana da la'adar dillali, yana da tazarar da ke tsakanin farashin mai saye da na mai sayarwa, kuma mai babban kuɗi da kansa yake ture farashi idan ya shigo. A Amurka la'ada ta yi ta raguwa tun da aka soke ƙayyadadden farashinta a watan Mayun 1975, har manyan dillalai irin su Charles Schwab suka mayar da ita sifili a Oktoban 2019, amma tazarar nan tana nan. A ce kowane juyi yana cin kashi 0.3 cikin ɗari, mai sauya kayansa duka kowane wata ya biya 3.6 a shekara kafin ya ga riba. Ga haraji: ribar abin da aka riƙe shekara ɗaya ko ƙasa da haka gwamnatin tarayyar Amurka tana iya karɓar har kashi 37 cikin ɗari nata, wanda aka riƙe fiye da shekara kuwa bai wuce 20 ba. Kada mai karatu ya raina maki biyu. Dala 10,000 da ke ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari takan zama wajen 174,000 a shekara 30. Da kashi 8 kuwa ba ta wuce 101,000 ba.

Haka aka yi wa Karnukan Dow. A 1997 Grant McQueen da Kay Shields da Steven Thorley suka auna su a kan shekaru 50, daga 1946 zuwa 1995. Suka samu lallai sun fi Dow ɗin gaba ɗaya da kusan maki 3 a shekara. Da aka cire ƙarin haɗarin riƙe kamfanoni 10 maimakon 30, aka cire kuɗin ciniki da haraji, kusan duk fifikon ya narke. A 2008 kuma ƙa'idar ta sa mabiyanta riƙe Citigroup da General Motors, don rabonsu ya yi tsoka, alhali faɗuwar farashinsu gargaɗi ne na gaske. General Motors ya bayyana karyewa a Yunin 2009.

Babbar jarabawar mai wannan sana'a, a ganina, tana cikin ransa ne. Kwamfuta ba ta gajiya, don haka idan wata 6 bai ba da sakamako mai kyau ba sai ya gwada 7, ya gwada 9, ya cire wannan sashe, ya ƙara wancan sharaɗi, har layin ya miƙe yadda yake so. Bisa ma'aunin da masu lissafi suka saba amfani da shi, cikin ƙa'idoji 20 marasa amfani ɗaya za ta ci jarabawa da sa'a kawai. 'Yan'uwan juna David da Tom Gardner na kamfanin Motley Fool sun tallata wata 'yar Karnukan Dow da ake kira Wawaye Huɗu: cikin 10 ɗin a ɗauki 5 mafi arha, a yar da mafi arharsu, a ninka wa na biyu kuɗi. A takarda ta yi abin mamaki. McQueen da Thorley suka mayar da martani a 1999 ta hanyar barkwanci, suka ƙirƙiro tasu ƙa'idar da ke yin wani abu a shekarun da lambarsu ke rabuwa biyu, ta yi wani daban a sauran, kuma ta doke Wawaye Huɗu a kan alƙaluman nan dai. A ƙarshen 2000 Motley Fool suka fito fili suka janye ƙa'idarsu, abin da ba kowane ɗan kasuwa zai iya ba. David Leinweber ma ya taɓa nuna cewa yawan man shanun da ake samarwa a Bangaladesh ya tafi kafaɗa da kafaɗa da ma'aunin S&P 500 tsawon kusan shekara goma. Duk wanda ya tona sosai zai haƙo wani abu.

Maganin da masu sana'ar suka yarda da shi yana da ɗaci. A rubuta dalilin da ya sa ƙa'ida za ta yi aiki kafin a taɓa kwamfuta. A ware wasu shekaru a kulle, ba za a leƙa su ba sai an gama gyara, kuma sau ɗaya ake buɗewa. A gwada maƙwabtan lambar da aka zaɓa: idan wata 10 ya yi kyau amma 9 da 11 sun lalace, an faɗa kan sa'a ne. A kai ƙa'idar wata ƙasa, kamar yadda Geert Rouwenhorst ya kai ta masu gudu ƙasashen Turai 12 a 1998 ya samu tana aiki a can ma. Kuma a faɗi yawan ƙa'idojin da aka gwada aka yar kafin a samu wannan. Campbell Harvey da abokan aikinsa sun ƙirga dalilan riba 316 da malamai suka ce sun gano, suka yanke cewa da yawansu ba za su tsallake awo mai tsanani ba.

Wadda ta tsira sai a kai ta kasuwa, kuma hanyoyin cin abinci da ita sun bambanta. Wani yakan riƙe abarsa ya juya kuɗinsa. Wani yakan sayar da wasiƙar wata-wata, masu biyan kuɗi su samu jerin abin da za su saya da abin da za su saki. Mark Hulbert ya fara bin diddigin irin waɗannan wasiƙu a 1980, yana rubuta abin da mabiyansu suka samu a zahiri, kuma kaɗan ne suka fi kasuwa a dogon zango. Manyan asusai masu zaman kansu sun saba karɓar kashi 2 cikin ɗari na uwar kuɗi a shekara da kashi 20 na riba, ko da yake gasa ta rage wannan. Ita ma ƙa'idar bin masu gudu, wadda da sai manya, tun 2013 kamfanin iShares yake sayar da ita a asusun da ke cajin kashi 0.15 cikin ɗari. Ma'aikacin da ya yi awon albashi yake ci da kyautar ƙarshen shekara, sunansa kuma ba safai yake fitowa a takardar talla ba.

A wajen sayarwa ne amana ke shiga gwaji. Kamfanin F-Squared na jihar Masacuset ya tallata tsarinsa na ƙaura tsakanin sassan nan 9, yana cewa tun Afrilun 2001 ake juya kuɗin gaske da shi. Mutane suka amince har dukiyar da ke bin tsarin ta haura dala biliyan 28. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta gano cewa sakamakon 2001 zuwa 2008 gwajin baya ne kawai, kuma har da kuskure a ciki: an sa kowane saye da sayarwa mako ɗaya kafin lokacin da ƙa'idar za ta iya ba da umarnin. Mako ɗayan nan ya kumbura sakamakon da kusan kashi 350 cikin ɗari. A Disambar 2014 kamfanin ya amsa laifi ya biya dala miliyan 35, a 2015 ya karye.

Ko an yi komai bisa gaskiya, wahala tana nan. Ƙa'ida mai kyau ma tana da ranar baƙin ciki. Kent Daniel da Tobias Moskowitz sun nuna cewa daga Maris zuwa Mayun 2009 kamfanonin da suka fi faɗuwa a baya sun tashi da kashi 163 cikin ɗari, masu gudun kuwa kashi 8 kacal; irin haka ta taɓa faruwa a Yuli da Agustan 1932. A 2020 ma'aunin S&P 500 ya faɗi da kusan kashi 34 cikin ɗari tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris, kafin ƙarshen Agusta kuma ya wuce inda yake da. Wasu ƙa'idojin da ke duba kasuwa sau ɗaya a wata sun sayar bayan an faɗi, sun sake saye bayan an tashi. A irin wannan lokaci wayar mai sana'ar ba ta hutawa, masu kuɗi suna neman a ba su abinsu, shi kuma ba shi da hanyar sanin ko ƙa'idar tana cikin mummunar shekara ne ko ta mutu. Idan ya karya ta sau ɗaya don tsoro, duk awon da ya yi ya tashi a banza, domin abin da ya auna daban, abin da ya aikata daban. Nasara ma tana cin kanta. David McLean da Jeffrey Pontiff sun bi ƙa'idoji 97 da aka buga a mujallun ilmi, suka samu ribarsu ta ragu da kusan kashi 58 cikin ɗari bayan bugawa, wani ɓangare don dama can sa'a ta taimaka, wani kuma don jama'a sun yi musu rububi. Mutanenmu sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, masu awo kuwa ko bayan arba'in ɗin ba sa sakin jiki.

Mai son gwada wannan a kasuwar Legas ya sani lissafin Amurka ba zai hau kai tsaye ba. La'adar dillali tana iya kai kashi 1.35 cikin ɗari a kowane ciniki, ban da kuɗaɗen hukuma, farashi ba ya motsawa fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana, kuma ƙananan kamfanoni da yawa ba kullum ake samun mai saye ba. Sai darajar kuɗin kansa: a 2023 babban ma'aunin kasuwar ya tashi da kusan kashi 46 cikin ɗari, amma a shekarar nan naira ta sauka daga wajen 460 zuwa wajen 900 ga dala ɗaya a kasuwar hukuma. Ƙa'idar wata-wata a irin wannan wuri dillali take yi wa aiki.

Don haka, mai karatu, duk ranar da wani ya nuna maka zane mai hawa a waya ya ce ka kawo kuɗi, ka roƙe shi ya ɗora yatsa a kan ranar da aka fara zuba kuɗin gaske, ya nuna maka kamfanonin da suka mutu a cikin lissafinsa, ya faɗi abin da ya rage bayan la'ada da haraji. Mai sana'ar na gaskiya yana da waɗannan amsoshi a rubuce tun kafin ka tambaya.